Haƙƙin Maigida na Kare Kansa da Gidansa: Inda Ya Fara da Inda Ya Tsaya

Gabatarwa

Da wuya a sami magidancin da zai kwanta barci a ƙasar nan, ko a birni ko a ƙauye, bai duba ƙofarsa ya tabbata ta kullu ba. Fashi da makami, da fasa gidaje, da satar mutane don neman kuɗin fansa, sun sa jama'a da yawa suna ajiye adda, ko kulki, ko kwari da baka, wasu ma har bindiga, kusa da makwancinsu. Akwai tambaya guda wadda ya kamata duk mai irin wannan ajiya ya san amsarta tun da sauran rana: idan wani ya shigo gidan mutum ba da izninsa ba, ina ne iyakar abin da doka ta yarje wa maigida ya yi masa?

Mutane da dama sun ɗauka cewa duk wanda ya haura katangar wani ya halatta jininsa ke nan. Ba haka abin yake ba a dokokin Nijeriya. Lalle doka ta ba kowa haƙƙin kare kansa da iyalinsa da dukiyarsa, amma ta kewaye wannan haƙƙi da sharuɗɗa. Wanda ya tsallake su yana iya kwana yana maigida, ya wayi gari yana gaban alƙali ana tuhumarsa da kisan kai, laifin da hukuncinsa kisa ne. An shirya wannan ɗan littafi domin jama'a su san haƙƙinsu, su kuma san iyakarsa.

Tushen haƙƙin a doka

Tsarin Mulkin Tarayyar Nijeriya na 1999, a sashe na 33, ya tabbatar wa kowane mutum haƙƙin rayuwa. Wannan haƙƙi na kowa ne, har da wanda ake zargi da sata. Sai dai sashen ya keɓe waɗansu halaye da ba za a ce an tauye wa mutum haƙƙinsa ba ko da ya rasa ransa. Ɗaya daga cikinsu shi ne idan ya mutu ta dalilin ƙarfin da aka yi amfani da shi wajen kare wani daga cin zarafi ko kare dukiya, muddin ƙarfin nan bai wuce abin da hankali zai ga ya zama dole ba, kuma an yi shi a cikin halin da doka ta yarda. Sashe na 37 kuma ya tsare sirrin gidajen 'yan ƙasa.

Cikakken bayanin sharuɗɗan yana cikin manyan dokokin laifuffuka guda biyu. A jihohin Arewa da Birnin Tarayya Abuja ana aiki da dokar Final Kod, wadda aka kafa a 1959, ta fara aiki a 1960. Maganar kare kai tana daga sashe na 59 zuwa na 67. A jihohin Kudu kuwa ana aiki da dokar Kiriminal Kod, wadda ta game ƙasar tun 1916, kuma maganar tsaron gida tana sashe na 282, ta kare kai tana sashe na 286 zuwa na 288. Waɗansu jihohi sun sabunta nasu kundin, kamar Legas a 2011 da Kaduna a 2017, saboda haka lambar sashe takan bambanta daga jiha zuwa jiha, ko da yake manufar ba ta sake ba. Haka nan dokokin Shari'ar Musulunci da jihohi 12 suka ɗauka tun daga shekarar 2000 sun amince da wannan haƙƙi, sun kuma sa masa iyaka. Dama malaman fiƙihu sun daɗe da shimfiɗa ƙa'idar cewa mai kawo farmaki ana fara yi masa gargaɗi in hali ya yi, sa'an nan a tunkuɗe shi da mafi sauƙin abin da zai tunkuɗe shi.

Dokar da za a bi ita ce ta inda abin ya faru. Watau Bahaushen da ke zaune a Sabo ta Ibadan, ko Agege, ko Fatakwal, dokar jihar da yake zaune ce za ta hau kansa, ba ta garin haihuwarsa ba. Haka kuma haƙƙin tsaron gida na wanda ke zaune a cikinsa ne bisa ƙa'ida, ko shi ya gina ko haya yake yi.

Wane ne ya shigo?

Abu na farko da kotu takan duba shi ne ko wane ne mai shigowar, da abin da ya kawo shi, da yadda ya shigo. Ba duk wanda aka gani a ƙofar gida ko a tsakar gida ne mai laifi ba. Akwai baƙon da ya ɓata hanya, da almajiri mai bara, da yaron da ƙwallonsa ta faɗa cikin gida, da maƙwabcin da akuyarsa ta tsallaka darni, da mai taɓin hankali, da mashayin da ya ɗauka gidansa ne, da wanda hatsarin mota ya rutsa da shi yana neman taimako da tsakar dare. Akwai kuma ɗan gidan da ya yi dare a waje, ya tarar an kulle, ya haura katanga don kada ya tashi mahaifinsa.

A dokar Final Kod, shiga wurin wani ba ta zama laifi sai in an shiga da niyyar aikata laifi, ko tsoratar da mai wurin, ko ci masa mutunci, ko ɓata masa rai. Wanda ya tsaya a soro yana sallama, ko yake buga ƙofa, ko ya danna ƙararrawa, bai fasa gidan kowa ba, ko da ƙarfe biyun dare ne. Fasa gida shi ne a shiga ta hanyar ɓalle ƙofa, ko buɗe kwaɗo, ko huda bango, ko haura katanga, ko bi ta kafar da ba a yi ta don shigar mutane ba, da makamantansu, kuma da mugun nufi.

Idan mutum ya shigo ba da izni ba amma babu alamar zai cutar da kowa, abin da maigida ke da ikon yi shi ne ya umarce shi da fita. In ya ƙi, ana iya fitar da shi da gwargwadon ƙarfin da zai fitar da shi, ko a kira 'yan sanda. Dokar Kiriminal Kod ta faɗa ƙarara cewa wajen fitar da irin wannan mutum ba a yarda a ji masa rauni ba. Balle a yi maganar sara ko harbi.

Lokacin da doka ta yarda har a kai ga kisa

Doka ba ta ce mutum ya naɗe hannu a yanka shi ba. Sashe na 65 na Final Kod ya lissafa halaye uku da kare jiki zai iya kaiwa ga kashe mai farmaki: harin da zai sa mai hankali ya ji tsoron mutuwa ko mummunan rauni, fyaɗe ko farmaki da nufin lalata, da kuma satar mutum. Haƙƙin bai tsaya ga jikin maigida kaɗai ba. Yana iya kare matarsa, da 'ya'yansa, da baƙonsa, har da maƙwabcin da bai haɗa komai da shi ba.

Sashe na 66 kuma ya lissafa halaye huɗu game da dukiya. Na farko fashi. Na biyu fasa gida da dare. Na uku sa wuta a ginin da mutane ke zaune ko ake ajiyar kaya. Na huɗu sata, ko ɓarna, ko kutsawa gida a cikin halin da zai sa a ji tsoron cewa in ba a tashi tsaye ba wani zai mutu ko ya ji mummunan rauni. Dare a wannan doka shi ne daga faɗuwar rana zuwa fitowarta. A Kiriminal Kod kuwa daga ƙarfe 6.30 na yamma ne zuwa ƙarfe 6.30 na safe.

Sashe na 282 na Kiriminal Kod ya ba wanda ke zaune a gida, da duk mai taimaka masa, ikon yin amfani da ƙarfin da ya gaskata ya zama dole don ya hana a fasa gidan da ƙarfi, ko da dare ko da rana. Amma sai ya kasance yana da hujjar da hankali zai karɓa ta gaskata cewa mai fasawar ya zo aikata laifi ne, da kuma hujjar cewa wannan gwargwadon ƙarfi shi ne abin da ake bukata. Sashen bai ce maigida ya gudu ya bar wa ɓarayi gidansa ba.

Abin lura a nan shi ne, satar da babu barazana ga rai a cikinta ba ta cikin jerin. Wanda aka kama da rana tsaka yana kwance akuya, ko yana cire batirin mota, ko yana tsinkar mangwaro a gonar wani, ɓarawo ne, kuma akwai hukuncinsa a doka. Amma wanda ya kashe shi a kan haka ya yi kisan kai. Har ila yau, halayen da aka lissafa a sashe na 65 da na 66 ba lasisin kisa ba ne, gama dukkansu suna ƙarƙashin iyakokin da za a bayyana yanzu.

Iyakoki huɗu

Iyaka ta farko ita ce gwargwado. Sashe na 62 na Final Kod ya ce haƙƙin kare kai ba ya taɓa kaiwa ga yin cutar da ta wuce abin da kariyar ke bukata. Sashe na 298 na Kiriminal Kod shi ma ya ɗora wa mutum alhakin duk abin da ya wuce kima. Kotu takan auna makami da makami, da yawan masu farmaki, da ƙarfin jiki, da wurin da aka sara, da yawan saran. Tsohon da ƙarti uku masu adda suka ɓalle wa ƙofa ba daidai yake da ƙaton da ya tarar da yaro ɗan shekara 12 a ɗakin girki ba. Alƙalai sun san cewa wanda ke cikin firgici ba shi da sukunin auna bugunsa da sikeli, kuma sukan yi la'akari da haka, amma bambancin tunkuɗe hari da huce haushi ba ya ɓuya.

Iyaka ta biyu ita ce lokaci. Haƙƙin yana farawa ne sa'ad da haɗari ya taso, yana kuma ƙarewa da gushewarsa. Ɓarawon da ya yar da makami, ko ya faɗi ba ya iya tashi, ko aka ɗaure shi, ya daina zama haɗari. Abin da aka yi masa bayan haka ramuwa ce, doka kuwa ba ta ba kowa ikon ramuwa ba. Raunin da aka samu a bayan mamaci, ko gawar da aka tsinta a wajen gida, sukan zama shaida mai nauyi a kan maigida.

Wata shari'a daga Jihar Adamawa ta nuna tsananin wannan iyaka. A 2015 wani manomi ya kashe wani mutum a gonarsa. Bisa ga bayaninsa, mutumin ne ya fara kai masa hari da wuƙa har ya ji masa rauni, shi kuwa ya ƙwace wuƙar ya soke shi a wuya. Babbar Kotu a Yola ta yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da hukuncin a watan Maris na 2025. Mafi yawan alƙalan sun ga cewa da ya ƙwace wuƙar haɗarin ya gushe, kuma yana da halin tserewa. Alƙali guda ta saɓa musu, jama'a kuma sun yi ta muhawara a kai, har Gwamnan jihar ya yi masa afuwa a watan Disamba na 2025. Kafin afuwar nan ta zo ya shafe wajen shekara 10 a tsare.

Iyaka ta uku ita ce samun hukuma. Sashe na 63 na Final Kod ya ce babu haƙƙin kare kai inda akwai sarari na neman kariyar hukuma. Wanda aka aiko wa da barazana tun da safe bai kamata ya ƙi kai rahoto ba, sa'an nan ya yi kwanton ɓauna da dare. Haka rikicin iyakar fili, da na gado, da na mai gida da ɗan haya, duk al'amura ne na kotu.

Iyaka ta huɗu ta shafi ma'aikatan hukuma. Bisa ga sashe na 64, babu haƙƙin kare kai daga ma'aikacin gwamnati da ke gudanar da aikinsa da kyakkyawar niyya, matuƙar aikin ba ya barazana ga rai ko lafiyar jiki, kuma mutum ya san, ko yana da dalilin sanin, cewa ma'aikaci ne. Ɗan sanda mai takardar bincike da ma'aikacin kotu da ya kawo sammaci suna cikin wannan. Maigida yana da ikon neman ganin katin shaida da takardar izni, in kuma yana da ƙorafi ya kai shi inda ya dace.

Darasi daga waɗansu ƙasashe

Ƙa'idar da ke cewa gidan mutum shi ne ganuwarsa ta samo asali ne daga shari'ar Ingila, inda aka ambace ta a wani hukunci tun 1604. Duk da haka Ingila ba ta sakar wa masu gida mara ba. A 1999 wani manomi a gundumar Nofok, wanda ɓarayi suka sha damunsa, ya harbi mutum biyu da suka fasa masa gida da dare, da bindigar da ba shi da lasisinta. Ɗayansu, ɗan shekara 16, ya mutu da harbi a bayansa. A shekarar 2000 aka yanke wa manomin ɗaurin rai da rai. A 2001 kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa shekara 5 saboda larurar ƙwaƙwalwa, amma ba ta karɓi hujjarsa ta kare kai ba. A 2013 aka gyara dokar ƙasar don a sassauta wa masu gida, amma ƙarfin da ya yi mummunan wuce kima har yanzu laifi ne.

A Amurka, inda bindiga ta yawaita a hannun jama'a, jihohi da yawa sun faɗaɗa ikon maigida, Fulorida ma ta kafa doka a 2005 wadda ta ɗauke wa mutum wajibcin ja da baya kafin ya kare kansa. Can ne kuma aka ga irin asarar da gaggawa ke jawowa. A watan Oktoba na 1992, a birnin Baton Ruj na Jihar Luwiziyana, wani ɗalibi ɗan ƙasar Japan mai shekara 16 ya je gidan da ba shi ba ne yana neman wurin walima, maigidan ya harbe shi har lahira. Kotun laifi ta sallami maigidan a 1993, amma a 1994 kotun ƙararrakin jama'a ta ɗora masa diyyar dala 650,000.

A watan Nuwamba na 2013, a Jihar Mishigan, wata budurwa mai shekara 19 ta yi hatsarin mota, ta je tana buga ƙofar wani gida kafin asuba. Maigidan ya harbe ta daga cikin gida. A 2014 aka same shi da laifin kisan kai, aka ɗaure shi aƙalla shekara 17. A 2014, a Jihar Montana, wani da aka taɓa yi wa sata ya bar garejinsa a buɗe da jaka a ciki don ya zama tarko. Wani ɗalibi Bajamushe mai shekara 17 ya shiga, aka harbe shi. Kotu ta ɗaure maigidan shekara 70. A watan Afrilu na 2023, a Jihar Niyok, waɗansu matasa sun ɓata hanya suka shiga harabar wani gida da mota. Suna juyawa za su fita maigidan ya yi harbi, ya kashe wata mai shekara 20. A 2024 aka yanke masa ɗaurin shekara 25 zuwa rai da rai.

Uku daga cikin mamatan nan huɗu na Amurka ba su taka cikin ɗakin kowa ba, kuma babu mai makami a cikinsu duka. Masu gidajen sun yi harbi ne kafin su san wanda ke gabansu. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Makami, da maigadi, da taron jama'a

Haƙƙin kare kai bai halatta wa kowa mallakar bindiga ba. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Manyan makamai irin na yaƙi sai da iznin Shugaban Ƙasa. Bindigogi irin na farauta sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Bindigar toka kuwa lasisinta yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Dokar Fashi da Makamai ta 1984 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ga wanda aka samu da bindiga ba bisa ƙa'ida ba. Saboda haka mutum na iya kuɓuta daga tuhumar kisa amma a ɗaure shi a kan bindigar.

Maigidan da ya ɗauki maigadi ya kamata ya sani cewa ikon maigadi bai fi nasa ba. Wanda ya umarci maigadinsa da ya sari ko ya harbi duk wanda ya gani da dare, to in aka yi ɓarna, tare za a gurfanar da su, gama doka tana kama mai ba da umarni kamar yadda take kama mai aikatawa. Haka wayar lantarki tsirara da wasu ke shimfiɗawa a kan katanga, ba ta bambanta ɓarawo da yaron maƙwabci.

Idan aka kama ɓarawo, Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015 ta ba farar hula ikon kama shi, ta kuma wajabta a miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba. Ba ta yarda a azabtar da shi ba. Taron dangi ba ya wanke kowa. A watan Oktoba na 2012 jama'a suka kashe ɗaliban Jami'ar Fatakwal su 4 a garin Aluu na Jihar Ribas bisa zargin sata. A 2017 kotu ta yanke wa mutum 3 hukuncin kisa a kan haka, ciki har da wani sajan na 'yan sanda. Maigidan da ya yi ihun ɓarawo lalle ne ya tsaya ya hana a wuce gona da iri.

Bayan abin ya auku

Idan ƙaddara ta sa maigida ya ji wa mai shigowa rauni, abu na farko shi ne a ceci rai. A kai shi asibiti, ko a kira lambar gaggawa ta ƙasa, watau 112. Dokar 2017 game da waɗanda aka harba ta wajabta wa asibitoci, na gwamnati da masu zaman kansu, su karɓi mai raunin harbi ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Sa'an nan a sanar da caji ofis mafi kusa nan da nan, a kuma shaida wa mai unguwa ko dagaci.

Kada a taɓa komai a wurin. Kada a ja gawa daga waje zuwa cikin gida, kada a ajiye makami kusa da ita, kada a wanke jini ko a ɓoye abin da aka yi amfani da shi. Ƙofar da aka ɓalle, da sawun ƙafa, da raunin da ke jikin maigida, su ne shaidunsa. Wanda ya ɓata su ya ɓata hujjarsa, ya kuma ƙara wa kansa wani laifi. Gudu ma yakan sa a zargi mai gaskiya.

'Yan sanda za su yi bincike ko da kuwa maigida yana kan gaskiyarsa, gama duk ran da ya salwanta sai an bi ba'asinsa. Sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ba wanda aka kama ikon yin shiru har sai ya ga lauyansa. Wanda ba shi da hali yana iya neman Hukumar Ba da Taimakon Shari'a, wadda aka kafa a 1976. Ya kamata a sani cewa tuhumar kisan kai ba a cika ba da beli a kanta ba, sai a Babbar Kotu, a kan wani dalili na musamman.

A gaban kotu, wanda ya ce kare kansa ya yi ya amsa ke nan cewa shi ya aikata, saura ya kawo abin da zai nuna halin da ya tilasta shi. Daga nan nauyi yana kan mai gabatar da ƙara ya rushe wannan hujja har babu sauran shakka. Sakamakon ɗayan uku ne. In kotu ta gamsu an tsaya cikin iyaka, sai ta sallami mutum ba tare da wani hukunci ba. In ta ga ya fara da kyakkyawar niyya amma ya zarce, ba tare da ya ƙulla kisan tun farko ba, sashe na 222 na Final Kod ya sauke laifin zuwa kisan da ba a yanke hukuncin kisa a kansa, wanda ɗaurinsa ke iya kaiwa rai da rai. In kuwa ta ga babu kare kai sam, hukuncin kisa ne, bisa ga sashe na 221 na Final Kod ko na 319 na Kiriminal Kod. Bayan wannan duka, dangin mamaci suna iya shigar da ƙarar neman diyya.

Rigakafi ya fi magani

Tsaron da ya fi amfani shi ne wanda zai hana a yi ido biyu da ɓarawo tun farko. Ƙofa mai ƙarfi da sakata ta ciki, da fitila a ƙofar gida, da tocila a kusa da gado, da lambar wayar maƙwabta da ta caji ofis, sun fi adda amfani a mafi yawan dare. Unguwannin da ke da 'yan sintiri su tabbata 'yan sanda sun san da su. Kowane gida ya yi ƙa'idar yadda wanda ya yi dare zai sanar da isowarsa, a kuma hana samari haura katanga. Masu zuwa gidan mutane su ma su riƙe al'adar sallama, su tsaya inda haske zai nuna fuskarsu, su faɗi sunansu da abin da ya kawo su.

In an ji motsi da dare, maigida ya tattara iyalinsa wuri ɗaya, ya kulle, ya kira taimako, ya ɗaga murya ya tambayi ko wane ne. Muddin ƙofa tana tsakaninsa da mai bugawa, to yana da lokaci, kuma babu dalilin buɗe ta da makami a hannu. In an ɓalle ta aka afka masa, doka tana bayansa ya kare kansa da iyalinsa gwargwadon abin da ya zama dole. Da zarar haɗari ya gushe sai ya dakata, ya bar sauran ga hukuma.

Ana roƙon masu unguwanni, da dagatai, da limamai, da shugabannin majami'u, da malaman makaranta, da shugabannin ƙungiyoyin sintiri, su karanta wa jama'arsu wannan bayani, musamman waɗanda ba su iya karatu ba. Duk mai neman ƙarin haske a kan dokar jiharsa ya tuntuɓi lauya, ko Ma'aikatar Shari'a ta jiha, ko ofishin Hukumar Ba da Taimakon Shari'a mafi kusa da shi.